Baƙin Wando a Kan Reshe

A shekararmu ta ƙarshe a Kuala Lumpur, lokacin da Abba ke kammala karatunsa, ɗalibai 'yan Najeriya da ke zaune wajen Jalan Semarak suka ɗauki shatar bas zuwa wani tsibiri mai daji. Za a ratsa dajin a ƙasa, a ci abinci a bakin teku, mai son shiga ruwa ya shiga.

Ana gobe tafiya na raka Umma kasuwar Chow Kit sayen kaji. Da muka gama sai ta tsaya a rumfar wata mai kayan mata, ta ɗaga wani baƙin wando mai talewa da riga mai dogon hannu, irin waɗanda matan Malay ke shiga ruwa da su. Ta daɗe tana jan yadin kafin ta saya. A hanya ta ce mini ita fa ba ta taɓa shiga teku ba, kuma in muka koma Kano shi ke nan. Ba ta ce kar in faɗa wa kowa ba, amma a ƙasan kwandon abinci ta cusa ledar, ƙarƙashin farantai.

Washegari muka shiga bas, daga bas sai jirgin ruwa, sannan hanyar daji. Saiwoyin bishiyoyi sun gitta hanyar kamar matakala. Akwai igiyar da ake riƙewa wajen hawa, amma jajayen tururuwa sun yi layi a kanta, don haka ban riƙe ba.

A bakin teku maza da yara suka shiga ruwa. Mata suka shimfiɗa tabarma a inuwa, suka zauna gadin abinci saboda birai. Ba wanda ya tsara hakan, haka dai aka saba. Can gefe wasu matan Malay suna cikin ruwa har ƙirji, da lulluɓinsu. Umma na zuba dafa-duka a farantai, idonta na can. Ta fito da ledar ta ajiye kusa da ƙafarta, ta kuma ci gaba da zuba abinci.

Wani biri ya diro, ya fizge ledar, ya haye bishiya. Ya yage ta, bai ga abin ci ba, ya watsar. Rigar ta faɗa cikin ƙaya. Wandon ya maƙale a reshe, iska tana kaɗa ƙafafunsa.

Matar abokin Abba, wadda muke kira Anti, ta ɗaga kai ta ce, "Hajiya, ashe da shirinki kika zo? Mu ne za ki bari da gadin kula?"

Sauran suka yi dariya. Umma ta ce ai na yarinya ne. Suka dube ni, suka dubi wandon, wanda biyuna za su shige cikinsa. Na sunkuyar da kai ina tsince yashi daga farantina.

Da la'asar ta gabato mai jirgi ya zo ya ce a fara haɗa kaya. Umma ta rufe kulolin ɗaya bayan ɗaya. Ta cire takalmanta ta jera su, ta kwance agogonta ta ba ni, ta nufi ruwa da atamfarta da hijabinta. Hirar matan ta tsaya.

Abba na fitowa ke nan, yana yarfe ruwa daga kunnensa. Ya tsaya ya dube ta.

Ya ce, "Biyo ta nan, can akwai duwatsu."

Ya juya ya koma tare da ita. Ruwan ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Hijabin ya baje a saman ruwa kamar lema. Da igiyar ruwa ta zo sai ta riƙe hannunsa, da ta wuce ta saki. Ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar.

A bas ta zauna a kan leda tana rawar ɗari saboda sanyin motar. Anti ta miƙo mata mayafinta daga kujerar baya. Kafin mu shiga gari gishiri ya bushe, ya yi farin zane a bakin zaninta. Agogon yana hannuna har gida. Wandon kuwa a reshen muka bar shi.