Takalman da Muka Ajiye Kamar Kayan Sallah

Warin sabon takalmi ne ya tsayar da ni. Ina cikin wani shagon sari a unguwar Al Sabkha ta Dubai ranar Lahadi bayan la'asar, mai shagon, wani mutumin Nijar da muka saba, ya yanke bakin kwali ya turo mini gabana. Warin fata da roba ya bugi hancina, sai kawai na tsaya riƙe da takalmi ɗaya ina kallonsa.

"Yalla, yi sauri ɗan'uwa, ka zaɓa mana," in ji shi. "Jirgin kaya jibi zai tashi."

Abin da ya kai ni wurin shi ne ƙungiyar ƙwallon sakandaren garinmu ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale a gasar makarantun jiha. Tsofaffin ɗalibai muna da zaure a waya, a nan aka yanke cewa ni da ke Dubai in aiko wa yaran da takalma. Ni dai a unguwar Ras Al Khor nake aiki, a sito na kayan gyaran mota, amma a gida duk wanda yake Dubai ana ɗauka a kan kaya yake kwana. Na amsa da sauri, kuma ba don kirki ba. Sau ɗaya tak makarantar nan ta taɓa kaiwa wannan matsayi kafin bana, kuma a wancan karon ni ne kyaftin.

Bari in gaya maka yadda ƙungiyarmu take, don kada ka ɗauka cika baki ne. Golanmu dogo ne, ɗan gidan mahauta, hannunsa ya saba riƙe bijimi, ƙwallo ba ta kufce masa. 'Yan bayanmu biyu wa da ƙane ne, kullum sai sun yi noma kafin su zo makaranta, ba su san gajiya ba. A gefen dama muna da wani siriri da in ya kwasa da gudu sai dai ka bi shi da ido. Babban ƙarfinmu kuwa a tafin ƙafa yake. Ba mu sa takalmi. Filinmu rairayi ne da tsakuwa, mun san shi kamar tsakar gidanmu, muna ba juna ƙwallo gajere-gajere har abokan karawa su fusata su fara duka. A haka muka cinye duk makarantun da ke kewayenmu.

Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, ƙasa tana ƙamshi da yamma. Dattawan da ke zama a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, waɗanda a da suke cewa ƙwallo aikin marasa aikin yi ne, su ne suka koma lissafa mana hanya. Wannan ya ce wasa uku ya rage mu ɗauko kofi. Wancan ya ce 'yan birni ba su da numfashi, da an dawo hutun rabin lokaci za su zube. Wani tsoho da ko gani ba ya yi sosai ya rantse golanmu ya fi na kowa a jihar. In na zo wucewa sai a kira ni a sa mini albarka, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Sai takarda ta zo cewa a birni, inda za a buga wasan, ba a shiga fili babu takalmi. Gari ya yi karo-karo, aka rasa wanda za a aika sai Kawuna, yayan mahaifiyata. Baduku ne, yana da rumfa a bakin kasuwa, kuma duk garin an yarda babu wanda ya kai shi sanin fata. In ya murza ta da yatsa biyu ya shinshina, zai gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya, da yadda aka jeme ta. Ya zo makaranta da igiyar rama, ya durƙusa ya auna ƙafar kowannenmu, yana ƙulla alama. Kwana biyu ya yi a birni yana zaɓe. Ranar da ya dawo ya kwance buhu a ofishin malamin wasanni, ga takalma baƙaƙe wuluk suna sheƙi, ban taɓa jin wari mai daɗin wannan ba.

Kawu ya ce, "To, saura mako biyu. Daga gobe kowa ya sa nasa ya yi wasa da shi. Da yamma a shafe su da man kaɗe. Sabon takalmi sai ya san ƙafa tukuna."

Malamin wasanni ya gyaɗa kai, alamar ya yarda, sannan ya juyo ya tambaye ni ra'ayina a matsayin kyaftin. Ka san yadda muka taso. Sabon abu ba a taɓa shi sai ranarsa. Kayan Sallah a ƙasan akwati suke kwana har safiyar Idi, wanda ya sa nasa kafin nan ya zama abin dariya. Ga fili duk laka. Ga shi na taɓa jin 'yan birni suna kiranmu masu faso, abin yana ci mini rai. So nake mu fito a gabansu muna ƙyalli. Da na faɗi haka kawai na yi shiru, da sauƙi. Amma sai na dubi Kawu a gaban yara goma sha biyar na ce, "Kawu, wannan fa ba irin faɗe-ka-mutun da kuke ɗinkawa ba ne. Na Turawa ne, ba ya son man kaɗe."

Yara suka tuntsire da dariya. Kawu ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu, ya yi wa malam sallama ya fita. Aka kulle takalman a kabad har ranar tafiya.

Ba sai na ja maka labarin wasan ba. Mun fito muna ƙyalli kamar yadda na so. Kafin a je hutun rabin lokaci dugadugaina biyu sun saluɓe, safata ta manne da jini. Siririn nan mai gudu yana ɗingishi kamar an ɗaura masa turmi. Ƙwallon da muke juyawa da ido rufe ta zama baƙuwa, in ka ba na kusa da kai sai ta wuce shi. Ƙaramin ɗan bayanmu ya zauna a tsakiyar fili ya cire nasa, alƙalin wasa ya ce ko ya mayar ko ya fita. Ƙungiyar da ta ci mu ba ta kai mu ba, har gobe ina faɗa.

Kafin motarmu ta iso gida magana ta riga mu. Ban san bakin da ya fara ta ba, amma ta zauna daram: Kawu ya sayo takalma masu tauri, bai san na ƙwallo ba. A gindin darbejiya aka tare ni, wani dattijo ya ce, "Kyaftin, gaya mana gaskiya, takalman ne ko?" Na ce, "Takalman ne." Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Na san sarai abin da za su fahimta, kuma na bar su suka fahimce shi.

Daga ranar aka laƙaba masa Mai-takalmin-ƙarfe. Yara suna faɗa in sun wuce rumfarsa, manya suna faɗa cikin raha. Mutumin da ake kawo wa fata daga ƙauyuka don ya duba, sai ga shi ana tambayarsa ko wannan ma ta ƙarfe ce. Da yammacin ranar da muka dawo kuwa, shi ne ya zo gidanmu da man kaɗe a gwangwani, ya zauna a kan tabarma ya ɗora ƙafata a cinyarsa yana shafa mini. Ina jiran ya yi faɗa, bai yi ba. Abin da ya ce kawai, "Kada ka sa ruwa, ɗan nan, sai ta bushe."

Yanzu komai ya sauya. Yaran garinmu tun suna firamare suke da takalman gwanjo, filin an kewaye shi, rumfar Kawu ta zama wurin cajin waya. Shi kuwa ya rasu ina nan Dubai, ban samu jana'izarsa ba. Laƙabin ne kawai bai mutu ba. Da na tura hoton kwalayen a zaure, wani ya rubuto yana dariya, "Allah ya sa dai ba irin na Mai-takalmin-ƙarfe ba ne."

A tashar jirgin ƙasa ta Al Qusais na karanta saƙon, a hanyata ta komawa ɗaki. Na koma gefe na danna wayar na yi magana. Na ce takalman Kawu ba su da laifi, shi ya ce a sa su, ni na hana, na kuma ci masa fuska a gaban yara, sannan na bar gari ya ɗora masa. Na ce a ba yaran bana nasu ranar da kaya suka iso, su yi ta wasa da su ko a cikin laka ne. Mutane suna wucewa suna kallona.

Can sai golanmu, wanda yanzu shi ma mahauci ne mai 'ya'ya shida, ya turo murya. Ya ce, "Ai duk muna wurin, ba wanda ya manta. Kai muke jira ka fara faɗa, kai ne kyaftin."

Ashe shekarun nan duka jirana ake yi, har mai haƙƙin ya tafi. Lambar babbar 'yar Kawu tana cikin wayata. Yau kwana huɗu ke nan ina buɗe ta ina rufewa.