Bindigar da Aka Kawo Cikin Tabarma

Wata Laraba ce da hantsi, a damina ta biyu bayan an ba mu jihar Kebbi, ina surfen gero a tsakar gidanmu na Fagada, sai na ji sallama da wata murya da ban sani ba. Na leƙa zaure na ga wani dogon mutum siriri ya jingine keke, ya tsaya rungume da naɗaɗɗiyar tabarma. Bai zauna ba sai da ya waiga hanya, gabas da yamma. Da Baba ya fito suka gaisa, ya ce sunansa Bawa, daga Maiyama yake. Ya warware tabarmar a hankali, sai ga bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda riƙo, an naɗe wuyanta da jar fata.

A shekarar birai sun sa mu a gaba. Gonarmu ce ta ƙarshe, tana jikin wani tudu mai duwatsu, duk abin da ya sauko daga can da mu yake farawa. Ni da ƙanena Sanusi muke gadi. Mukan hau rumfar kara mu yi ta kaɗa gwangwani, shi yana jifa da majajjawa, in rana ta yi zafi in zauna ina carafke da tsakuwa har in manta abin da ya kawo ni. Biran sun san yara ne mu. Akwai wani ƙaton namiji da yakan zauna a kan dutse yana ɓare masararmu yana kallonmu. Makaranta kuwa sai mu daɗe ba mu leƙa ba, har malaminmu ya fara aiko da saƙo gida. Shi ya sa da Baba ya kai ragowar albasarsa Aliero ya yi zancen yana neman bindiga ko tsohuwa ce, zancen ya yi ta tafiya har ya iske Bawa.

Inna, mahaifiyarmu, tana bayan zana tana jin komai. Kuɗin da Bawa ya faɗa sun yi kaɗan har sai da Baba ya sa ya maimaita. Baba ya ce to su je bayan gari ya harba a gani, Bawa ya ce shi ba ya harbi. Aka kawo masa fura bai sha ba. Can sai ya miƙe ya ce a riƙe ta a gwada, zai dawo, ya hau kekensa ya bi ta bayan masallaci maimakon babbar hanya. Baba na shigowa Inna ta ce, "Malam, wanda yab bar ma baƙo bindiga bai amshi komi ba, ba saidawa yaz zo yi ba, ɓoyo yaz zo yi."

Ta hana a shigar da ita ɗaki. Aka soke ta a jinkar ɗakin awaki, aka ce duk yaron da ya taɓa ta zai sha bulala. Kafin kwana ya kewayo maƙwabta kowa ya kawo nasa zato. Wani ya ce ta sata ce. Wani ya ce bututun ya tsage aka liƙe da ƙaro aka shafa baƙin tukunya, ranar da aka harba da hannun mutum za ta tafi. Wata tsohuwa ta ce an kashe rai da ita ne, shi ya sa ake son rabuwa da ita. Ni dai in aka aike ni ba awaki dusa, da baya nake shiga, don kada bakinta ya kalle ni.

Ranar Juma'a Baba ya kai ta wurin wani maƙeri a unguwar Jega Magaji. Ya ba mu labari cewa mutumin ya leƙa cikinta, ya ƙwanƙwasa, sannan suka fita bayan gari ya ɗura ta, ya ɗaure a jikin itace, ya ja kunamar da doguwar igiya daga nesa. Ta tashi lafiya lau. Maimakon hankalin Baba ya kwanta sai ya ƙara tashi, domin maƙerin ya ce ba a daɗe da shafa mata mai ba, kuma wanda ba ya harbi ba ya kula da bindiga haka. Ke nan tana da mai ita, kuma ba Bawa ba ne.

Washegari Baba ya ari babur, ya ce in shirya mu je gaida Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Maiyama. Ya ɗora min tabarmar a cinya, ya ce duk wanda ya tambaye ni, ziyara za mu. Da ni aka tafi don kada a ce bincike ya kawo shi. Har muka isa ƙarfen yana bugun gwiwata duk ramin da muka faɗa.

Mijin Gwaggo na ganinta ya gane ta. Ya ce ta Jatau ce, wan Bawa, tsohon maharbi, kuma tun ranar da ta ɓace tsohon yake faɗa wa kowa an yi masa sata, har an fara nuna ɗan wani maƙwabcinsu da baki. Baba ya ce a kai mu wurin Jatau.

Mun tarar da Jatau a zaure, idanunsa duka biyu yanar ido ta rufe su sun yi fari. Baba ya ajiye tabarmar a gabansa. Tsohon ya lalubo, yatsunsa suka bi ƙotar suka tsaya a kan jar fatar. Baba ya faɗa masa yadda ta zo hannunsa, bai rage ba bai ƙara ba. Aka kira Bawa, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai yi musu ba. Ya ce a watan da ya wuce yayansa ya fita daji, ya ji motsi a ciyawa ya harba, ashe maraƙin wani Bafulatani ne, kuma yaron da ke kiwo yana tsaye dab da shi. Da ƙyar aka kashe maganar. Bawa ya ce ya ɓoye bindigar a gida, tsohon ya lalubo ta, shi ne ya ga gara ta bar garin.

"Da ka hwaɗa min, Bawa," in ji Jatau.

"Na hwaɗa maka, Yaya. Ba ka ji ba."

Daga baya Jatau ya sa a kira yaron da aka zarga ya nemi gafararsa. Sannan ya tambayi Baba me zai yi da ita. Da ya ji birai ne, ya tambaya wa ke gadi, Baba ya ce ga ta nan zaune. Ya tambaye ni ko ina zuwa makaranta, na ce in birai sun bar mu. Ya yi 'yar dariya, ya faɗi kuɗinta na gaskiya, Baba bai taya ba, ya saye ta. Ya kama tafin Baba ya nuna masa iyakar albarushin da take ci, ya ce, "In ba ka ga abu da idonka ba, kak ka taɓa kunamarta."

Da muka koma Baba ya nemo izini a hukuma. Inna ba ta janye zarginta gaba ɗaya ba, har ta tsufa tana cewa ita dai idon Bawa bai yi mata ba. Baba kuwa sama ya fi harbawa. Biran suka koma bayan tudu, muka koma aji. In bindigar ta tashi daga gona, matan unguwa sukan ce Malam ya sallami baƙinsa, su ci gaba da daka.

Yanzu a Jega nake zaune. An nome tudun nan har samansa, babu biri ko ɗaya. Kwanaki tayar wata mota ta fashe a titi, kafin in ɗago kai 'ya'yana sun shige ɗaki sun kwanta a ƙasa, ba wanda ya koya musu. Na tsaya a tsakar gida ina tuna matan nan da taɓarensu. Ƙarar ba ta canza ba, kwanciyar ran da muke jin ta da ita ce ta tafi.