Noti Huɗu a Gindin Fiffike

Yayana makaniken injin ban-ruwa ne a Jiratawa. Shekara uku ya yi yana ƙera jirgin sama mai kujera ɗaya a tsakar gidanmu na Sabon Gari, da bututun alminiyum da injin wani babban babur. Ni kuwa noti da ƙusa nake sayarwa a kasuwa, don haka duk abin da ya ɗaure jirgin nan daga rumfata ya fito.

Ranar da muka ɗora shi a sikelin masu awon hatsi, ya zarce lissafin Yaya da kilo tara. Washegari sai ga shi a rumfa da gwangwani cike da notin ƙarfe da ya kwance, ya juye mini a tebur.

"Musanya mini su duka da na alminiyum."

Na ce na gangar jiki da na kujera babu laifi. Amma guda huɗun da ke riƙe fiffike a gindinsa, ba zan ba shi na alminiyum ba.

"Kai ka ƙera ko ni?"

"Kai ne, Yaya. Amma ni ake dawo wa da irinsu a karye."

Kwana biyar ba ya amsa gaisuwata. A na shida matarsa ta gaya mini ya sayo na alminiyum ɗin a wata rumfa, har ya ɗaura. Na iske shi a gida na ce na ji, amma don Allah mu gwada kafin ya hau. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya yarda.

Muka kifar da jirgin bisa benci biyu, muka riƙa jera buhunan rairayi a kan fiffiken, shi a dama, ni a hagu. Buhu na huɗu, shiru. Na biyar, bututun ya ɗan lanƙwasa, Yaya ya ce haka ya kamata ya yi. Ina sauke na shida na ji ƙas. Kan noti ɗaya ya fice, ya bugi ƙofar kwano, fiffiken hagu ya sunkuyo har ya kusa taɓa ƙafata. Matarsa tana bakin madafa da muciya a hannu, ba ta motsa ba.

Yaya ya tsinto guntun, ya duba inda ya karye.

"Kawo naka," in ji shi.

Muka mayar da na ƙarfe guda huɗun. Sauran nauyin ya rage shi a wasu wurare: ya datse wutsiyar kowane noti da ta yi tsawo, ya cire katifar kujera, ya sa ƙaramin tankin mai.

Bayan girbi muka kai jirgin wani fili kusa da Tibiri, inda aka kwashe karan gero. Da ya taso da gudu, mutane na kallon sama, ni idona na kan gindin fiffike. Ya ɗaga kamar tsayin mutum, ya yi ɗan nisa, ya sauko da ƙarfi har taya ɗaya ta karkace, amma notin huɗun sun riƙe.

Na isa wurinsa ina haki. Ya kasa kwance bel ɗin da ya ɗaure ƙirjinsa. Na kwance masa, ya ce in ba shi ruwa.