Muƙaman Kawu Ɗanlami

Ku da kuka san Kawu Ɗanlami a Tarauni, kun san ba ya barin mutum ya tashi daga tabarmarsa sai ya ba shi muƙami a cikin jijiyoyi. Shi fa ba malami ba ne! Shekara talatin ya yi yana goge allo a wata makarantar koyon jinya, har darasin jijiyoyin jiki ya zauna masa daram.

Ya ce sashen tsakiya na jijiyoyi abu biyu ne, ƙwaƙwalwa da laka, wato igiyar nan ta cikin ƙashin baya. Ƙwaƙwalwar gidan, ai kun sani, shi ne. Matarsa Inna Rabi ya ba laka.

"Malam, ni ce lakar?"

"Ƙwarai! In hannu ya taɓa wuta, laka ce ke fizge shi kafin ƙwaƙwalwa ta ji labari. Wane hukunci nawa kika taɓa jira a gidan nan?"

Sauran mutane jijiyoyin gefe ne: masu kawo labari, masu kai umarni, da masu gaban kansu, waɗanda ya kasa biyu, mai tayar da hankali da mai kwantarwa. Ran nan wani mai adaidaita ya fige shi a Gyaɗi-Gyaɗi.

"Tsaya, yaro! Zuciyata na dukan uku-uku, bakina ya bushe. Kai mai tayarwa ne!"

"Baba, in rage gudu?"

"Ba aikinka ba ne, na mai kwantarwa ne." Ya sauka ya ƙarasa gida a ƙafa.

Ni kuwa 'yar ƙanwarsa, da nake karatun jinya, sau biyu ina faɗuwa jarrabawar wannan darasi, na uku kora ce. Sai ya jera mutanen gida a tsakar gida, kowa da muƙaminsa, ya sa ni bin su ɗaya-ɗaya ina faɗin aikinsu, har Inna Rabi ta ce tuwonta zai ƙone.

"Kawu, ni fa? Kowa ya samu ban da ni."

"Naki na ajiye. Kawo takardar ci ki karɓa."

Sakamako ya fito kwana tara bayan rasuwarsa. Na ci. Na tambayi Inna Rabi ko ya faɗa mata abin da ya ajiye min, ta ce ko da wasa. Wallahi har yau ina kewar wannan amsar.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kwantar masa da hankali a makwancinsa. Amin.