Batirin da Aka Shanya da Kuɓewa

Wata Juma'a ce a kakar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, ana tsakiyar cirar gyaɗa, na dawo gida na tarar da mazan gidanmu sun kewaye waya a kan tabarma, sun zuba mata ido kamar marar lafiya. Mahaifina ne ya aiko da ita daga Fatakwal, inda yake tuƙin babbar mota, ya ce duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai riƙa kira. Irin wayar nan ce ta gida marar igiya, mai eriya, da ɗan gindin da ake zaunar da ita ta sha wuta. Wutar ce dai babu a ƙauyenmu na gefen Durba, sai Baffa Isa, ƙanen mahaifina, ya ɗaure ta a bayan keke ya kai ta Kibiya wajen mai janareto. Ranar Alhamis ta yini tana sha, amma ran nan ana kunna ta ta yi ɗan kuka sau ɗaya ta ɗauke.

Nan take kowa ya zama likita. Baffa Isa ya ciro batirin ya lasa, ya ce da sauran ransa. Mahaifiyata ta goge bakinsa da toka da lemon tsami, yadda take wanke faranti. Kakana Malam Babba kuwa, wanda ya shekara da shekaru yana farfaɗo da batirin rediyonsa, ya yanke hukunci: “Batiri ba ya son komai sai rana.” Aka sa ni na hau tsani na shanya shi a kan soro tare da kuɓewa da barkono, ina gadinsa kada kaji su yi masa ɓarna. Kafin la'asar ya kumbura kamar ƙosai. Malam Babba ya jujjuya shi, ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Sai da aka zo mayar da shi aka ga murfin ya ƙi rufuwa.

Duk wannan bidiri, kakata Iya ko kallo ba ta yi ba. Mahaifina ɗanta ne na fari, ita kuwa mutuniyar da ce mai kunya, ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, sai dai ta ce “wancan na Kudu”. Ya daɗe bai zo gida ba, amma in ka ga fuskarta ka rantse ba ta san an haife shi ba. Washegari sai ga ta ta kamo jan zakaranta ta miƙa wa Baffa Isa, ta ce ya kai shi kasuwar Rano ya rabu da shi, wai cararsa ta dame ta. Har ya hau keke ta ƙara da cewa, in ya ga dama ya sayo wa abin can nasu sabon batiri, ta gaji da surutun.

Sabon batirin ya yi aiki, sai dai gaisuwa ta fi ƙarfinsa. Waya na ƙara Malam Babba zai karɓa, ya tambayi gajiya da aiki da ruwa da mutanen Fatakwal ɗaya bayan ɗaya, sannan Baffa Isa, sannan maƙwabcin da ya leƙo aron galma. In an miƙa wa Iya ta kau da kai ta ce tana tankaɗe. Amma ni da nake kusa da ita na ga rariyar ta tsaya cak a hannunta, har wayar ta yi kukanta ta mutu. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Juma'ar da ta biyo, maza na tafiya masallaci a Kibiya, Iya ta kira ni ɗakinta ta ce in ɗauko abin nan, ƙura na hawansa. Da na kawo ta ce in kunna ta gani ko yana da rai, sannan ta kore ni. Ban yi nisa ba, na laɓe a bayan asabari. Can, an sauko daga masallaci amma maza ba su kai ga dawowa ba, wayar ta yi ƙara, na ji Iya ta ce a hankali, “Kana dai cin abinci?” Daga nan ban sake jin komai ba. Da maza suka dawo suka tarar da waya a mace, Baffa Isa ya yi ta tsine wa batirin Rano, Malam Babba ya ce dama ya faɗa, a kai shi rana. Haka aka yi ta yi har damina ta zagayo, ana neman cutar batiri, ni da Iya muna tsince wake ba mu ce uffan ba.

Yanzu gidan ya samu wutar sola, kowane yaro da wayarsa a aljihu, jikoki na kira daga ko'ina ana ganin fuskarsu. Iya ba ta ga wannan zamani ba. Bayan rasuwarta na tambayi mahaifina abin da suke faɗa a ɗakin nan har batiri ya ƙare. Ya ce tambayar nan ɗaya ce kullum, in ya amsa sai ta yi shiru, shi ma ya yi shiru, yana jin numfashinta har layin ya yanke. Ya ce bai taɓa yin hira mai daɗin wannan ba.