Injiniyan Kaset ɗin Tela

Shekara talatin da huɗu, ƙarfe takwas na safe ba ta taɓa yi masa a gida ba. Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya buɗe ɗan ɗakinsa na ɗaukar waƙa da ke bayan shagon mai gyaran agogo, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Bangon ɗakin duk kwalin ƙwai ne da tsofaffin katifu, don kada hayaniyar titi ta shigo. Zai goge injinansa da auduga ɗaya bayan ɗaya, ya kashe fanka komai zafi, ya zauna shiru yana sauraron ɗakin. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama ajin injiniyoyi ba. Ƙarshen watan nan zai rufe ɗakin, domin kunnen da ya ci abinci da shi duk shekarun nan ya fara mutuwa. Amma kafin ya rufe ya yi wani aiki guda, wanda saboda shi na ce yabon gwani ya zama dole.

A wannan ɗakin aka haɗa kaset ɗin tela. 'Yan baya ba za su sani ba, to bari in gaya musu. Wani fim ne na soyayya da barkwanci, labarin telan da aka kawo wa ɗinkin kayan auren budurwar da yake so a ɓoye, sai ya riƙa ɓata ɗinkin da gangan don a ɗaga bikin. Yau hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, gobe wuyan rigar ba ya shiga kai. Fim ɗin ya ba da dariya daidai gwargwado, amma waƙoƙinsa takwas su ne suka ƙi barin mu. Shagon aski su, motar haya su, shirin zaɓe na gidan rediyo kuwa sai da mai gabatarwa ya roƙi jama'a su zaɓi wani abu daban. Samarin da ba su iya zance ba suka samu sauƙi, a naɗe kaset a takarda a miƙa kawai. Teloli suka shiga uku, kowace amarya ta kawo ɗinki sai ta ce, "Malam, ban da irin na fim." Dattijai suka ce lalacewa ce, amma na san wani da aka kama yana ƙunƙunin waƙar almakashi yana wankin mota. Wallahi ina kewar lokacin nan.

Kowa ya ce muryar mawaƙiyar ce, wasu suka ce kiɗan ne. Duk gaskiya ne. Abin da ba a sani ba, wani tsohon direban bas ne ya ba ni labarinsa.

"Ni fa na ɗauka ɗan leƙen asiri ne," in ji shi. "Kullum zai shigo ya miƙo kaset ya ce, 'Direba, sa mana wannan.' Sai ya koma kujerar baya. Mu je ƙarshen layi mu dawo, mutumin nan bai sauka ba. Ashe ƙafafun fasinja yake kallo."

Haka yake aikinsa. In ƙafa ba ta motsa ba, ko ya ga wani ya karkato kai yana neman kama kalma cikin ƙarar injin, sai ya sauka ya koma ɗaki ya sake haɗa waƙar. Mai fim ya yi ta kumfar baki. "Injiniya, na saya maka manyan lasifiku, ka koma kana gwaji da rediyon mota mai tari?"

"Alhaji, manyan lasifikun nan ni da kai ne kawai za mu ji da su. Sauran jama'a da rediyon da aka ɗaure da roba za su ji."

Wata huɗu ya jinkirta fitowar kaset ɗin. Da ya fito kuwa, ko a rediyon da batirinta ya kusa mutuwa aka sa shi, kalma ba ta ɓacewa, shi ya sa kowa ya haddace. A bangon kaset ɗin akwai hoton jarumi da jaruma, sunan mai fim ya fito sau uku, na Injiniya ko sau ɗaya. Kura da shan bugu ke nan, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Watan jiya sai ga ɗiyar mai fim ɗin, mahaifinta ya rasu, ta zo masa da wata leda. A ciki akwai kaset na asali, wanda masu sana'ar ke kira uwa, daga shi aka kwafi duk sauran. "Baba," ta ce, "waɗanda ke yawo a waya duk kwafin kwafi ne, kamar daga cikin rijiya ake waƙar. Wannan kaɗai ya rage. An ce kai kaɗai ke da injin da zai karanta shi a yi sabon kwafi."

Ya duba kaset ɗin. An ajiye shi a ɗakin da ke yoyo, zaren ya yi danƙo. Sau ɗaya zai iya wucewa ta cikin injin, ba zai yi na biyu ba. Tsohon injin kuma yakan yi sauri ko ya ja, dole mutum ya riƙe maɓalli yana daidaitawa da kunne daga farko har ƙarshe. Ya karɓa ya tafi da shi gida. Kwana tara ledar tana kan teburinsa na gida bai taɓa ta ba.

Matarsa ce ta tare shi wata rana da yamma. Ta zo ta gabansa ta tsaya, domin ta daɗe da lura sai ya ga bakin mutum yake amsawa.

"Malam, kwana tara kana zagaye ledar nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ba ka ji ne, ko?"

Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Hajiya. Siririn sauti ya tafi. In muryar mawaƙiyar ta hau sama ba na kama ta. In injin ya kauce ba zan sani ba sai kaset ya ƙare, in ya ƙare kuwa shi ke nan. Da hannuna zan kashe shi."

Dole in faɗi wani abu game da wannan baiwar Allah. Duk garin ita kaɗai ce ba ta ƙaunar kaset ɗin tela. Cikin watanni huɗun nan na haɗa shi tana laulayin ciki, shi kuma yana dawowa gida da rabin waƙa yana maimaita baiti ɗaya sau arba'in a tsakar gida. Ta rantse ba za ta taɓa rera ko layi ɗaya ba, kuma duk taron da aka sa shi sai ta ɗauki jakarta. Amma babu mai rai da ya san inda kowane numfashi na mawaƙiyar yake kamar ita.

"To ka ari nawa kunnen," ta ce. "Dama kai ka cika shi da waƙar."

Washegari da safe ta shiga ɗakin, karon farko a duk zaman aurensu. Ta kalli kwalayen ƙwan ta girgiza kai. "Wannan ne ofis ɗin?" Suka yi yarjejeniya: in waƙa ta yi sauri ta ɗaga hannu, in ta ja ta sauke. Ya yi bisimilla ya kunna.

Minti arba'in da biyu, ba fanka, zufa tana ɗiga daga gemunsa. Idonsa na kan hannunta, yatsunsa na kan maɓalli. Ita ta rufe ido, fuska a ɗaure kamar mai shan magani. Waƙa ta uku ta ɗaga, ya rage. Ta biyar ta sauke, ya ƙara. Zaren yana wucewa yana zubar da baƙin gari a kan tebur, abin da ya wuce ya wuce har abada. Ana cikin ta bakwai ta manta da yarjejeniya ta ɗaka masa duka a gwiwa. "Ta yi sauri, Malam, ta yi sauri! Ta zama kamar sauro!" Ya murza a hankali har hannunta ya kwanta. Da ta takwas ta ƙare, zaren ya tsinke a wutsiya.

"Ya fito?" ya tambaya.

Ta amsa, amma ta kawar da kai tana share ido da gefen mayafi, bai ga bakinta ba.

"Hajiya, ya fito?"

Sai ta matso da kujera, ta kai baki kusa da kunnensa na hagu mai ɗan sauran rai, ta rera masa baitin farko na waƙar almakashi, da muryarta da Allah bai yi ta don waƙa ba. Ya saurara har ta kai ƙarshe, hawaye na bin kumatunsa.

"Kin ɗan yi sauri," ya ce.

Kwafin ya fito tas. Na ji shi da kunnena a wata motar haya, na kuma ga ƙafar wata tsohuwa tana motsi a ƙarƙashin kujera.

Injiniya, kai ne ka zauna cikin zafi don mu mu ji daɗi. Kai ne ka ɗauki mai tsohuwar rediyo da muhimmanci, ka ƙi sakin aiki sai ya dace da kunnensa. Da abin da ya fito daga hannunka muka yi zance, muka yi aure, wasunmu da shi suke tuna waɗanda suka riga mu. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, kai da Hajiya da ta karya rantsuwarta saboda kai.

Masu tasowa a kowace sana'a, ku koyi fita ku ga yadda aikinku ke sauka a hannun wanda aka yi dominsa. Mu kuma da muka sha daɗin kaset ɗin nan, ɗakin yana buɗe har ƙarshen wata, bayan shagon mai agogo. In kun je, ku tsaya ta hagunsa, ku ɗaga murya, ku yi masa godiyar yanzu tun yana iya jin ta.