Abu Ɗaya da Kawu Garanti Ya Ƙera Ya Karye

A ɗakin baƙi na gidanmu akwai gadon ƙarfe da ba zai taɓa fita ba sai ranar da aka rushe bango. A ciki aka haɗa shi, a ciki zai ga tashin duniya. Ƙofar gidanmu kuwa sai ka jingina kafaɗa ka ambaci sunan Allah kafin ta motsa. Akwai kuma wata 'yar kujera da aka yi wa yayana yana ɗan shekara biyu. Shi bai taɓa iya ɗaga ta ba, yanzu mai facin layinmu ke aron ta yana tokare mota idan zai cire taya. Duk aikin mutum ɗaya ne: ƙanin mahaifiyata, mai walda, wanda kowa ya sani da Kawu Garanti.

Shi ne autan su Mama. Ɗan siriri ne, gajere, girarsa ta daɗe da ƙonewa, kuma babu rigarsa da tartsatsi bai yi wa ado da ƙananan huji ba. Makaranta ta gagare shi tun yana aji biyu, sai ya koma koyon walda, kuma a shekara talatin da ya yi yana sana'ar bai koyi komai ba sai abu ɗaya: duk abin da ya karye, ƙarfe ne bai ishe shi ba. In ka ce masa tebur ya yi nauyi, sai ya ce, "Nauyi ai shi ne gaskiyar kaya." In ka ce yana girgiɗi, sai ya ƙara masa rodi biyu.

Shagonsa na ƙarshen layinmu, tsakanin mai aski da mai faci. A tsakiyar shagon akwai ginshiƙi, a jikinsa akwai ƙugiya, a gindinsa akwai buhunan siminti uku da suka daskare suka zama dutse tun ban san kaina ba. Nan ne kotun Kawu. Duk abin da ya ƙera sai ya ɗora masa buhunan nan, sannan ya hau kai da kansa ya yi tsalle sau uku. In bai lanƙwashe ba, sai ya ɗaga tabaran walda zuwa goshi ya ce, "Garanti!" Daga nan sunan ya samo asali.

Babanmu direba ne da ya yi ritaya, amma in ka tambaye shi sana'arsa maharbi zai ce. Tun kafin a haife ni yake fita farauta da abokansa biyar. Sukan ajiye mota a bakin daji su taka tafiyar awa biyu. Suna da doka ɗaya da suka kafa wa kansu tun suna samari: wanda ya harba, shi zai goyo namansa har mota. Ranar da mutum ya kasa, ba a korar sa, ana dai yi masa abin da ya fi kora ciwo. Sai a naɗa shi mai gadin mota, ya zauna a inuwa yana dafa wa maza shayi. Mutum na ƙarshe da aka yi wa wannan naɗi bai rufa shekara yana zuwa ba, yanzu yana ƙofar gidansa yana gardama da rediyo. Baba ba ya tsoron allura, ba ya tsoron maciji, amma butar shayin nan yana tsoron ta.

Da firam suke goyo nama. Wani abu ne kamar ƙaramin tsani, mai ɗan dandamali a ƙasa inda kaya ke zama, da igiyoyin ratayawa a kafaɗa. Na Baba na itace ne da fata, gadon mahaifinsa, ba shi da nauyi ko kaɗan. A shekarar da Baba ya cika sittin da uku, gara ta cinye firam ɗin a bayan ƙyauren ɗakin ajiya. Da ya ɗaga sai igiyoyin kawai suka biyo hannunsa.

Kawu na tsakar gida a lokacin, ya zo cin abincin yayarsa kamar yadda ya saba.

"Maganinka ke nan, Maharbi," ya ce da Baba. "Mutum da ƙanin mata mai walda, yana yawo da abincin gara a baya. Ba ni kwana huɗu."

"Injiniya, nama zan goyo, ba gada za ka gina mini ba."

"Ka dai ba ni kwana huɗu."

Ranar gwaji har da ni aka je. Firam ɗin na rataye a ƙugiyar ginshiƙi, an shafe shi da jan fenti. Da rodin gini aka yi shi, mai kaurin babban yatsa, dandamalinsa farantin ƙarfe, maratayin kafaɗa kuwa sarƙa ce da aka zura cikin tiyo. Kawu ya ɗora buhu uku, ya hau, ya yi tsallensa, ya ce, "Garanti!" Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Wannan ai tirela ce, saura lamba." Sunan ya bi firam ɗin har yau.

Babu wanda ya lura cewa ginshiƙi ne ya goyi kayan, kuma ginshiƙi ba shi da gadon baya.

Baba ya tafi farauta da Tirela. Ya harbi barewa, ya gyara ta, ya ɗaure, ya goya. Abin da ya biyo baya daga bakin Dogo na ji, shugaban maharban, mutumin da ba ya rage labari don tausayi. Ya ce farantin ya tura naman can nesa da baya, sai kayan ke jan Baba kamar mai karɓar bashi ya riƙe masa riga. Sarƙa ta ci kafaɗa. Bai yi rabin hanya ba ya durƙusa, ya tashi, ya sake durƙusawa, daga nan ƙugu ya riƙe. Mutum biyu suka tallabo Baba, mutum ɗaya ya ɗauko nama, mutum biyu suka ɗauko Tirela, kuma su ne suka fi kowa ƙorafi.

Da aka shigo da Baba gida, Kawu ya zo da gudu. Bai ce sannu ba. Firam ya fara dubawa, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa.

"Kun gani? Ko fenti bai goge ba!"

Daga kan tabarma Baba ya ce, "Injiniya, matso kusa. Ba na iya tashi ne, matso in gaya maka wani abu a kunne."

Kawu bai matsa ba.

Bayan mako biyu Dogo ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana juya hularsa a gwiwa. Ya ce abokai sun yi shawara. Tun da kayan aiki ne ya ci amanarsa, ba za a yanke hukunci a kan wannan fitar ba. Amma fita ta gaba, in wani ya taɓa masa kaya, to buta na jira. Har ya ƙara da cewa sabuwa ce, mai murfi. Baba ya juya fuska bango. Kwana uku bai nemi a miƙo masa bindigarsa ya goge ba, abin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ba.

Kawu kuwa ya gano matsalar, a ganinsa. Ya zo ya shaida wa Mama cewa zai ƙara rodi biyu a gicciye don kaya su daina lilo.

Mama tela ce. Tana kan keke tana ɗinki, ba ta ɗago ba.

"Auta, ka taɓa goya shi?"

"Na gwada shi da buhu uku, Yaya."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. A bayanka, ka taɓa goya shi?"

"Ni ai ƙera shi ne aikina."

"To ni na goyi 'ya'ya shida, kai ne na bakwai, kuma ka fi su kuka. Wace uwa ka taɓa gani ta rataye ɗa a kafaɗa da sarƙa, ta bar shi yana reto a nesa da ita? A ƙugu goyo yake zama, a manne da jiki, a ɗaure da majanyi. Je ka ɗora rabin abin da ka ɗora wa mijina, ka kawo mini shi nan. Daga shagonka zuwa ƙofar nan gida goma sha ɗaya ne. In ka iso, ƙara masa rodi ɗari."

"Buhu guda zan ɗoro, ba rabi ba. Garanti."

Da hantsi aka yi abin, layi cike da mutane. Kawu ya fito daga shago da Tirela da buhu ɗaya a kai, yana ɗaga wa jama'a hannu. A gida na biyu ya daina ɗaga hannu. A na huɗu ya sunkuya kamar mai neman allura. Wajen gida na shida akwai ɗan tudu inda kwalbati ta ratsa titi. Ya ɗaga ƙafa zai hau, sai kayan suka ce ba su yarda ba. A hankali ya tafi da baya, kamar ana kwantar da jariri, har ya kwanta a kan aikinsa, ƙafafu da hannuwa a sama, sarƙa ta riƙe shi gam. Kunkuru sak.

Mai aski ya iso da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Ya tsaya a kan Kawu ya ce, "Injiniya, kada ka damu, na duba. Firam ɗin lafiyarsa ƙalau."

Da aka kwance shi bai koma shago ba. Ya ɗingisa har ɗakin Baba, ya tsaya a bakin ƙofa yana riƙe da ƙugu.

"Maharbi, awa nawa ka yi da abin nan a baya?"

"Kusan ɗaya."

Sai Kawu ya ce, "Sannu." Mama ta ce tun da aka haife shi ranar ce ta fara jin kalmar a bakinsa.

Mako uku ya yi yana aikin da ya kira abin kunya. Ya samo siraran bututan tsofaffin kujerun makaranta, marasa nauyi. Ya zo ya auna bayan Baba da tef ɗin Mama, ya lanƙwasa bututun ya bi shacin bayan. Ya rage dandamalin ya dawo tafin hannu biyu. Mama ta ɗinka faffaɗar ɗamara da bel ɗin tsohuwar mota da soson katifa, wadda za ta zauna a ƙugu, da maratayan kafaɗa masu laushi. Kullum da safe sai a ga Kawu da sabon firam ɗin a baya da jarkar ruwa a kai, yana kai da komo a layi, mai aski na tambayar sa ko an yaye goyon. Sau biyu Mama ta kama shi yana shirin liƙa rodi a ɓoye, ta ƙwace.

Ranar da ya kawo, ya miƙa wa Baba da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

"Ba ka ce garanti ba," in ji Baba.

"Wannan? Kejin kaji ma ya fi shi mutunci. Kada ka ce ni na yi."

Ranar fitar, Kawu ya rufe shago ya bi su, karo na farko a rayuwarsa. Shi ya zauna gadin mota, bisa raɗin kansa, kuma Dogo ya ce shayin da ya dafa ko ƙarfe aka jefa a ciki sai ya narke. La'asar ta yi, huɗu suka fito daga daji, sai Dogo, babu Baba. Kawu ya tashi zai shiga, Dogo ya tare shi.

"In ka taɓa masa kaya, ka gama da shi. Zauna."

Can sai ga Baba, taku ɗai-ɗai, jiƙe da gumi, da nama a baya. Firam ɗin ya karkace gefe guda. Ashe ya zame a gangare ya faɗi da baya, bututun hagu ya lotse ya tsage, shi kuwa ko ƙwarzane. Ya ɗaure wurin da igiyar takalminsa ya ci gaba. Bai tsaya ba sai da ya dafa mota da hannunsa. Dogo ya ɗauki sabuwar butar nan mai murfi ya cusa ƙarƙashin kujera.

Kawu ya sauke masa kayan, ya ga tsagar, ya zauna a ƙasa.

"Ya karye," ya ce. "Shekara talatin, Maharbi. Ya karye."

"Gara shi da ni," in ji Baba. "Miƙo shayin."

Baba ya ƙara shekara huɗu yana goyo namansa, kuma da ya bari, da bakinsa ya ce ya isa, ba wanda ya miƙa masa buta. Firam ɗin na rataye a ɗakinsa da tabon gyara a hagu. Tirela kuwa tana bayan gida an ɗora mata tankin ruwa, ko gezau.

Da Kawu ya ji ina rubuta wannan a littafin da nake tara labaran gidanmu, ya zo takanas ya tsaya a kaina. Ya ce lallai in rubuta cewa bututun ne ya tsage, waldarsa ba ta saki ba. Na je na duba, gaskiya ya faɗa, ga shi na rubuta. Ya kuma ce in cire zancen kunkuru. Na ce masa mutum arba'in suka gani.